ZANGO A GINDIN WUTA: MASAUKAI DA MAFAKA A DUTSEN ONTAKE NA ƘASAR JAPAN

(Laccar da wani ɗalibin aji uku na Sashen Labarin Ƙasa ya gabatar a zauren taron Ƙungiyar Ɗalibai)

GABATARWA



Da farko ina miƙa godiyata ga kwamitin da ya shirya wannan zama, saboda damar da ya ba ni in tsaya gaban waɗanda suka girme ni a shekaru da sani. Ɗan koyo ne ni, in na yi tuntuɓe sai a gyara mini.

Ranar da aka liƙa sanarwar wannan lacca a allo, wani abokina ya tare ni a ƙofar ɗakin cin abinci, ya ce mini, "Kai kuwa wane, duk abubuwan da ke damun ɗalibai, ga rashin ruwa ga rashin wuta, ka rasa abin magana sai bukkokin mutanen Japan?" Tambayarsa tana kan hanya, don haka da amsarta zan fara.

A daminar bara malaminmu ya kai ajinmu yawon nazari zuwa Kerang, cikin ƙasar Mangu a Jihar Filato, domin mu ga tsaunukan nan masu siffar malfa waɗanda suka yi aman wuta a zamanin da. Mu ashirin da bakwai ne. Mun hau lafiya, muna tsintar baƙaƙen duwatsu masu ƙofofi muna zubawa a jaka, sai hadari ya taso daga gabas. Kafin mu sauko ruwa ya kece, kuma tare da shi sai ga ƙanƙara tana zuba kamar ana jifanmu da tsakuwa. Motarmu tana can nesa bakin hanya, wurin kuma fili ne fetal. Wata 'yar ajinmu ta zame ta yanke a gwiwa, wani kuma ƙanƙara ta fasa masa goshi. Muna cikin gudun da ba mu san inda za shi ba, sai muka ji wani dattijo yana ƙwala mana kira daga bukkar gonarsa. Bukka ce ta kara da ciyawa, wadda da ƙyar za ta ɗauki mutum goma, amma haka muka cusu, wasu a ciki wasu a ƙarƙashin bakin jinka, har abin ya lafa. Da za mu tafi muka haɗa masa ɗan abin goro, ya ƙi karɓa.

Tun daga ranar nake tambayar kaina: idan ƙanƙarar da ke narkewa a tafin hannu ta yi mana wannan aika-aika a kan dutsen da ya daɗe da yin shiru, to yaya halin waɗanda ke hawan dutse mai rai, inda abin da zai zubo musu daga sama duwatsu ne na gaske? Ina suke fakewa, kuma wa ke kiransu? Neman amsar wannan tambaya ne ya kai ni laburare, laburare kuma ya kai ni ga labarin Dutsen Ontake.

KWARIN KISO DA ZANGUNANSA

Dutsen Ontake yana tsakiyar babban tsibirin Japan, a kan iyakar lardunan Nagano da Gifu, kimanin kilomita 200 yamma da birnin Tokyo. Tsawonsa mita 3,067, kuma a cikin duwatsu masu aman wuta na ƙasar, Dutsen Fuji kaɗai, mai mita 3,776, ya ɗara shi. A gabas da shi akwai kwarin kogin Kiso, ƙasa ce ta karkara mai dazuzzukan katako da ƙananan garuruwa.

Mutanen wannan kwari sun san sha'anin sauke baƙo tun da daɗewa. A zamanin da ake kira Edo, watau daga 1603 zuwa 1868, wata babbar hanya mai suna Nakasendo ta ratsa ta nan, ta haɗa birnin Kyoto da birnin Edo, wanda shi ne Tokyo a yau. Tsawonta ya haura kilomita 500, an kuma raba ta zango 69, goma sha ɗaya daga ciki suna kwarin Kiso. Na zaɓi kalmar zango da gangan, domin duk wanda ya san labarin fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro zai gane tsarin nan take. A kowane zango akwai masauki na musamman domin sarakunan larduna, waɗanda doka ta tilasta musu zuwa Edo su zauna shekara guda su koma gida shekara guda. Akwai masaukan talakawa, akwai 'yan dako da dawakin haya, a garin Kiso-Fukushima kuma akwai shingen da ake binciken matafiya.

Da jirgin ƙasa ya zo, hanyar ta mutu, zangunan suka fara lalacewa. Amma mutanen zangon Tsumago suka tashi tsaye a 1968 suka fara gyaran tsofaffin gidajensu, daga baya suka yi wa juna alkawari uku game da gidajen: ba sayarwa, ba bayarwa haya ga bare, ba rushewa. Saboda haka masu yawon ƙafa suna bin tsohuwar hanyar daga Magome zuwa Tsumago, tafiyar kimanin kilomita 8 a cikin daji. A tsakiyar tafiyar akwai wani tsohon gida na katako inda ake ba mai wucewa shayi ya huta, in ya ga dama ya jefa wani abu a akwati. An kuma rataye ƙararrawa a wurare daban-daban na hanyar, domin matafiyi ya kaɗa ya kori dabbar nan mai haɗari da ake kira beyar. Na kawo wannan ne don mu ga cewa bukkokin da za mu tarar a kan dutse sun tsiro ne daga al'adar da ta daɗe a gindinsa.

ZANGO GOMA NA DUTSEN

Ontake wurin ibada ne ga mutanen Japan tun kafin ya zama wurin yawon shaƙatawa. A da ba a barin kowa ya hau sai wanda ya yi kwana 75 ko 100 yana tsarkake kansa. A 1785 wani mai bautar duwatsu da ake kira Kakumei ya buɗe hanyar Kurozawa ga talakawa, a 1792 kuma wani mai suna Fukan ya buɗe hanyar Otaki. Daga nan ƙungiyoyin masu ziyara, sanye da fararen tufafi, suka riƙa zuwa daga ko'ina cikin ƙasar. Mai ziyara kuwa yana bukatar inda zai sha ruwa da inda zai kwana, don haka bukkoki suka tashi a gefen hanya.

Al'adar mutanen Japan ce su raba hanyar hawan irin wannan dutse gida goma, daga gindi zuwa ƙololuwa, kowane gida zango guda. A yau mota tana kai mutum har Tanohara, zango na bakwai a hanyar Otaki. A ɗaya ɓangaren kuma akwai akwatunan da ke tafiya a jikin waya, waɗanda ke sauke mutum a tsawon kimanin mita 2,150. Daga nan sai ƙafa. A zango na takwas na hanyar Kurozawa akwai masaukin da ake kira Nyonindo, ma'anarsa zauren mata, domin a nan ne mata ke tsayawa a zamanin da aka hana su wucewa sama. A daidai nan manyan itatuwa suke ƙarewa, mutum ya fita fili inda babu abin da zai kare shi daga iska. A zango na tara akwai masaukin Ishimuro, sannan akwai wasu a gefen tafkin Ninoike, da na Gonoike a ɓangaren Gifu. Kafin 2014 akwai masaukai har a gindin ƙololuwar kanta, wadda ake kira Kengamine.

Kada kalmar bukka ta sa mu zaci irin ta dattijon Kerang ce. Gidaje ne na katako masu rufin kwano, waɗansu bene ne, suna kwanar da mutane da dama a jere a kan shimfiɗu. Ana buɗe su daga watan Yuli zuwa farkon Oktoba, sauran shekara dusar ƙanƙara ce ke mulki. Abinci da man girki, jirgin sama mai saukar ungulu ne ke kawo su, ko kuma 'yan dako su goyo su a baya. Ruwa abin tattali ne ƙwarai. Mai masauki shi ne mai dafa abinci, shi ne mai duban gari ya ce wa baƙo yau kada ka wuce, shi ne kuma mai ɗaure ƙafar wanda ya gurɗe. An gina waɗannan gidaje domin sanyi da ruwa da gajiya. Ba a gina su da tunanin ruwan duwatsu ba.

RANAR 27 GA SATUMBA, 2014

Har zuwa 1979 jama'a da yawa sun ɗauka Ontake mataccen dutse ne, domin babu wani rubutaccen tarihi da ya nuna ya taɓa aman wuta. Ran 28 ga Oktoba na wannan shekara sai ya fashe. Ba a rasa rai ba, amma abin ya zama darasi, yana kuma cikin dalilan da suka sa aka daina raba duwatsu zuwa matattu da masu barci a ƙasar. A yau duk dutsen da ya yi aman wuta cikin kimanin shekara dubu goma da suka wuce, ko yake fitar da tururi sosai, to mai rai ne a lissafinsu, kuma suna da irinsu 111. Ontake ya sake ɗan motsawa a 1991 da 2007, sannan ya yi shiru.

Ranar Asabar 27 ga Satumba, 2014, gari ya waye garau. Lokaci ne da ganyen itatuwa ke rikiɗewa ja da rawaya, wanda mutanen Japan ke matuƙar sha'awar kallo. Fiye da mutum 200 suna saman dutsen, har da yara, da yawansu sun zauna a ƙololuwa sun buɗe ƙunshin abincin rana. Da ƙarfe 11:52 sai ƙasa ta tsage a kwazazzabon da ke kudu maso yamma da ƙololuwar. Hayaƙi da toka suka turnuƙe, rana ta ɓace, waɗanda suka tsira suka ce mutum ba ya iya ganin tafin hannunsa. Cikin wannan duhu duwatsu suka riƙa zubowa, daga masu girman dunƙulen hannu har waɗanda suka fi kan mutum, da gudun da masana suka kiyasta ya kai kilomita 300 a sa'a guda.

Sojoji da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana suka shiga neman mutane cikin tokar da ruwan sama ya mai da ita taɓo, har tsakiyar Oktoba da dusar ƙanƙara ta tsayar da su. Aka koma a ƙarshen Yuli na 2015, aka sami gawa guda. Lissafin ƙarshe shi ne mutum 58 sun mutu, 5 kuma ba a gan su ba. Tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu aman wuta bai taɓa kashe mutane da yawa haka a Japan ba, ya zarce na Dutsen Unzen na 1991 wanda ya ci mutum 43. Abin lura a nan shi ne, mafi yawan mamatan duwatsu ne suka buge su. Ba wuta ce ta ƙone su ba.

ME YA HANA GARGAƊI?

Tilas wani ya tambaya: ƙasa kamar Japan, mai na'urori ko'ina, yaya aka yi ba a hana mutane hawa ba? Amsar tana cikin irin aman da dutsen ya yi.

Aman wuta iri-iri ne. Akwai wanda narkakken dutse ke tasowa daga can ƙarƙashin ƙasa. Wannan yakan yi sallama, domin dutsen yakan kumbura, ƙasa ta yi ta girgiza kwana da kwanaki, na'urori su gani. Akwai kuma fashewar tururi, irin ta Ontake. Ruwan da ya tsuma cikin dutse yakan haɗu da zafin da ke ƙasa, ya yi zafi fiye da na tafasa, amma nauyin duwatsun da ke kansa ya hana shi zama tururi. Ku ɗauki misalin madambaci da aka liƙe bakinsa tam, aka ci gaba da iza masa wuta. Ranar da liƙin ya tsage, ruwan nan zai koma tururi gaba ɗaya a lokaci guda, ya yi jifa da murfin. Murfin a nan tsofaffin duwatsun ƙololuwa ne. Irin wannan fashewa ƙarama ce in an gwada ta da manyan aman wuta, alamunta kuma ba su da yawa.

Ba a ce babu alama sam ba. Ran 10 ga Satumba na'urori sun ƙirga ƙananan girgizar ƙasa 52 a ƙarƙashin dutsen, washegari 85. Hukumar Kula da Yanayi ta Japan, wadda ita ce ke sa ido a kan waɗannan duwatsu, ta sanar da ƙananan hukumomi, amma ba ta ɗaga matakin gargaɗi ba. Matakan biyar ne. Dutsen yana mataki na ɗaya, wanda a lokacin sunansa "lafiya lau". Da an kai shi na biyu, da an hana kusantar bakin ramin. Girgizar ta ragu a kwanakin da suka biyo baya. A ranar da abin ya faru, rawar ƙasa mai nuna motsin ruwa da tururi ta fara ne minti 11 kafin fashewar, dutsen kuma ya fara kumbura minti 7 kafin ta. Wasu daga iyalan mamatan sun kai gwamnati ƙara, a 2022 kotu ta ƙi ba su diyya.

Ba aikina ba ne in yanke hukunci tsakaninsu. Abin da nake so mu riƙe shi ne wannan: ko da na'ura ta fi kowace kyau, akwai ranar da gargaɗi ba zai iso ba. A wannan rana abin da ya rage wa mutum shi ne rufin da ya fi kusa da shi, da kuma mutumin da ke kula da wannan rufi.

ABIN DA MASAUKAN SUKA YI

Waɗanda suka sami shiga masaukan da ke kusa da ƙololuwa, galibinsu sun tsira. Duwatsu sun huda rufin kwano, sun farfasa tagogi, amma ma'aikatan suka sauko da mutane daga bene zuwa ɗakunan ƙasa, inda rufi da daɓen katakon bene suka zama kariya biyu. Suka rufe ƙofofi saboda toka, suka raba hulunan kwano iyakar waɗanda suke da su, suka ba mutane ruwa, suka ɗaure wa masu rauni. Da zubowar duwatsun ta lafa, su ne suka ja jama'a suka gangara da su, domin toka ta shafe hanya, baƙo ba zai gane ta ba. Wasu matafiyan da suka ɓulle ta arewa sun kwana a masaukin Gonoike, washegari aka sauko da su ta ɓangaren Gifu.

A gefe guda kuma akwai wani fili mai suna Hacchodarumi, tsakanin ƙarshen hanyar Otaki da ƙololuwar Kengamine. Tudu ne miƙaƙƙe wanda babu gini ko itace a kansa, kuma yana fuskantar inda ƙasa ta tsage. Mutane da yawa sun mutu a nan, haka kuma a farfajiyar wurin bautar da ke ƙololuwa. Waɗanda suka rayu a fili su ne waɗanda suka sami babban dutse suka raɓe a bayansa, suka ɗora jakunkunansu a ka. Tazarar da ke tsakanin mai rai da mamaci a wannan rana sau da yawa ba ta wuce 'yan taku ba.

GYARAN DA YA BIYO BAYA

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mutanen Japan sun yarda cewa ranar tafiya ta same su gorarsu ba a fafe ba, suka kuma shiga gyara. A 2015 aka sake wa mataki na ɗaya suna, aka cire "lafiya lau" aka sa kalmomin da ke tuna wa mai hawa cewa dutse mai rai yake takawa. A wannan shekara majalisa ta gyara dokar duwatsu masu aman wuta, ta wajabta wa ƙananan hukumomi da masu wuraren da jama'a ke taruwa su tsara yadda za a kwashe mutane. A watan Disamba kuma gwamnati ta fitar da jagora kan gina mafaka.

Mafakar iri biyu ce. Ta farko ɗaki ne na kankare ko na ƙarfe, ba a kwana a ciki, ba a sayar da komai, aikinsa kawai mutum ya faɗa ciki da gudu. Dama akwai irinsu a Dutsen Aso, inda aman wuta ya kashe mutum 12 a 1958, da kuma Sakurajima. Ta biyu ita ce a ƙarfafa masaukan da ke akwai. Kai siminti tsawon mita 3,000 abu ne mai tsada, kuma ginin katako ba zai ɗauki rufin kankare ba. Sai masana suka gwada wani yadi mai suna aramid, wanda da shi ake ɗinka rigar da harsashi ba ya hudawa. Suka riƙa harba duwatsu a kan rufin gwaji, suka ga in an shimfiɗa wannan yadi a ƙarƙashin kwano yana tare dutse mai girman dunƙulen hannu. Ga shi ba nauyi, ana iya naɗe shi a kai shi sama.

Garin Kiso ya gina mafaka uku na kankare a gindin ƙololuwa, masu ɗaukar kimanin mutum 90 gaba ɗaya, sannan aka sake buɗe hanyar Kurozawa zuwa Kengamine a ƙarshen Satumba na 2018. Filin Hacchodarumi kuwa sai a watan Yuli na 2023 aka buɗe shi, bayan ƙauyen Otaki ya kafa mafaka a kansa, watau kusan shekara tara yana rufe. An sa lasifikoki, an tanadi hulunan kwano a masaukai. Lardunan Gifu da Nagano kuma sun wajabta wa mai hawa ya rubuta sunansa da hanyar da zai bi kafin ya tashi. Dalilin wannan doka abin tausayi ne: a 2014 an yi kwanaki ba a san adadin waɗanda ke kan dutsen ba, har sai da aka riƙa bin motocin da aka bari a wurin ajiya ana neman masu su.

IYAKAR MAFAKA

Kada in bar ku da zaton an gama da matsala. Mafaka tana da iyaka. Yadin aramid ba zai tare dutsen da ya kai girman buhun gero ba. Ɗakin kankare mai buɗaɗɗiyar ƙofa ba zai hana iska mai guba shiga ba, balle guguwar toka mai zafi. Dutse kuma ba ya yin alkawarin inda zai tsage: a watan Janairu na 2018 Dutsen Kusatsu-Shirane ya fashe ta wani gefe dabam da wanda aka fi sa wa ido, ya kashe soja guda da ke atisaye a kan dusar ƙanƙara.

Sannan ga maganar kuɗi. Yawancin masaukan na iyalai ne, cinikin wata uku suke ci shekara da shi. Bayan 2014 an rufe hanyoyi, baƙi suka ɗauke ƙafa, toka ta cike tafkin Ninoike da masaukan kusa ke ɗiban ruwa, wasu gidajen kuma ba su sake buɗewa ba. Ga shi an gane cewa mai masauki aikin ceton rai yake yi wa jama'a duka. To wa zai biya kuɗin rufinsa? Hukuma ta shiga ba da tallafi, kuma a ganina hakan shi ne daidai, domin ɗakin kankare ba ya kiran kowa, ba ya ɗaure rauni, ba ya nuna hanya cikin duhu. Idan masaukai suka mutu saboda rashin ciniki, an yi asarar abin da siminti ba zai maye ba.

MU FA?

Wani zai ce wannan duk labarin nesa ne. To, ga maƙwabciyarmu Kamaru da dutsenta da ya haura mita 4,000, wanda ya yi aman wuta a 1999 da 2000. A kan hanyar da ta tashi daga garin Buea zuwa ƙololuwarsa akwai bukkoki uku da ake kira ta ɗaya, ta biyu da ta uku, kuma tun 1973 ake yin tseren hawansa. Duk ɗalibin da zai je can ya kamata ya san irin dutsen da zai taka. A gida kuma muna da tsaunukan Biu da na Filato, waɗanda sun daɗe ƙwarai da yin shiru. Ba ina cewa gobe za su fashe ba. Haɗarinmu na kusa shi ne tsawa da ƙanƙara da ruwan da ke cika kwazazzabo, kuma su ma ba sa sallama.

Saboda haka ina roƙon Ƙungiyar Ɗalibai, wadda ƙungiyoyin da ke ƙarƙashinta suke fita yawon buɗe ido kowace shekara, ta duba abubuwa huɗu. Na ɗaya, kada wata tawaga ta tashi sai ta bar sunayen 'yan tafiya da hanyar da za su bi da lokacin dawowarsu a ofishin ƙungiya. Na biyu, a nemi ɗan gari ya yi jagora, a kuma biya shi hakkinsa. Na uku, kafin a fara hawa a tambaya ina ne mafaka mafi kusa, kowa ya gan ta da idonsa. Na huɗu, ƙungiya ta sayi akwatin magani ko da guda biyu ne, a riƙa ara wa masu tafiya. Ranar Kerang da ɗankwali muka ɗaure gwiwar 'yar'uwarmu. Duk waɗannan ba su kai kuɗin walimar ƙarshen shekara ba.

KAMMALAWA

Shugaba, jama'a, na fara da zangunan kwarin Kiso, na hau da ku zango goma na Ontake, mun ga ranar da na'ura ta ba da minti 11 kacal, mun kuma ga waɗanda suka buɗe ƙofa suka ce a shigo. An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mutum 63 ba su koma gida ba kafin a yi wa masaukan Ontake rufin da ya dace da su. Mu an ba mu darasin nan kyauta.

Ga abokina mai tambaya kuma, ina fata ya sami amsa. Dattijon nan na Kerang bai san Japan ba, ni ma ban tambayi sunansa ba, abin da har yau yake damuna. In Allah ya kai mu hutun da ke tafe, mu 'yan ajinmu mun yi shawarar mu koma mu kai masa bandir ɗin kwano, ya rufe bukkar da ta rufa mana asiri. Duk mai son sa hannu, ina nan bayan an tashi.